Daga Gonar Auduga Zuwa Gwado: Yadda Ake Saƙa a Gida

Wanda ya ga masaƙi zaune a inuwa, ƙafafu na takawa, hannu na jifa da ƙoshiya, zai ɗauka shi kaɗai ne mai aikin. Alhali kafin zaren nan ya iso gabansa ya bi ta hannaye da yawa a cikin gida, kuma galibinsu hannayen mata ne. Saƙa sana'ar gida ce gaba ɗayansa: maigida da matansa, da tsohuwar da ke ɗakin ƙurya, da 'yan mata, har yaron da bai isa riƙe hauya ba. Na rubuta wannan jagora ne domin matasan Tama da kewayenta, daga Buza zuwa Madawa da Keita, waɗanda suka tarar da tsohon gwado a ɗakin kakarsu amma ba su taɓa ganin yadda ake yin sa ba.

Ƙasarmu ta auduga ce, ko kaɗa, kamar yadda muke ce mata a Adar. Kwarin Majiya yana da laka mai riƙe ruwa bayan damina ta wuce, abin da auduga ke so ke nan. Tumakinmu kuwa, balami da uda, gashi gare su gajere, ba sa ba da ulun da za a kaɗa. Can bakin kogin Kwara kuwa, musamman a Masina ta ƙasar Mali, ana kiwon tumaki masu ulu, inda Fulani masu saƙa ke yin bargunansu. Mu abin rufarmu na hunturu, da zanen mata, da rigar maza, da majanyin goyo, da likkafani, duk daga auduga suka fito.

Tsinka da gurza

Ana shuka auduga da faɗuwar damina, a tsince ta bayan an gama da hatsi, lokacin da sanyi ya fara shigowa. Kada a tsinka da sassafe raɓa na jikinta, a bari rana ta ɗan ɗaga. Tun a gona ake ware fara tas daga wadda tsutsa ta ɓata ko ta faɗi ƙasa ta kwashi datti, domin busasshen ganyen da ya maƙale a auduga ba ya fita da sauƙi, kuma a nan zare zai tsinke daga baya. A shanya ta a kan tabarma ta bushe sarai. Audugar da ke da sauran danshi ba ta gurzuwa.

Gurza ita ce raba auduga da gurya. Kayan aikin biyu ne kawai: magurji, wato shimfiɗaɗɗen dutse mai santsi ko katako mai tauri, da ɗan ƙarfe siriri mai kauri a tsakiya. Mace za ta ɗora 'yar auduga kaɗan a kan magurji, ta danna ƙarfen da tafin hannuwanta biyu, ta murza shi gaba. Gurya ta fice ta gaba, audugar ta rage a baya. Sirrin shi ne kada a cika. Mai gaggawa da ta ɗora da yawa za ta farfasa gurya, man ya ɓata audugar. Kuma kada mai farawa ta yi mamaki in ta ga tulin ya ragu ƙwarai: wajen kashi biyu cikin uku na nauyin audugar gona gurya ce. Ba a zubar da ita. A ware iri na baɗi, a ba shanu saura, wasu gidajen kuma su yi miya da ita.

Daga nan sai shiɓa. Ana amfani da ɗan baka mai tsirkiya, a nutsa tsirkiyar cikin audugar ana fizgarta da yatsa, har audugar ta warware ta tashi, ƙura da sauran datti su zube. A ɗaki ake yi ko a lungun da iska ba ta kaɗawa. Idan ta yi laushi babu ƙulli ko ɗaya, sai a naɗe ta a jikin ɗan kara, ta zama sutu. 'Yan mata ne suka fi yin wannan, kuma a nan suke fara koyon bambanta auduga mai dogon gashi da mai gajere.

Kaɗi

A nan zan daɗe, domin a nan kyan tufa ko muninta yake. Masaƙi komai gwanintarsa ba zai gyara mugun zare ba.

Mazari ɗan siririn itace ne da aka soka wa gululu, wato dunƙulen yumɓu gasasshe, kusa da gindinsa don ya ba shi nauyin juyawa. Mai kaɗi tana zaune a ƙasa, ƙafafu a miƙe. Sutu na hannun hagu a sama, hannun dama na murza kan mazari tsakanin babban yatsa da manuni. Gindin mazarin yana juyawa a kan ɗan ƙyallen fata ko cikin ƙaramin ƙoƙo, don kada ya nutse a rairayi. Kusa da ita akwai alli, wanda ake samu daga ƙonannen ƙashi. Takan dangwala yatsunta a kai lokaci lokaci don gumi kada ya sa mazari ya zame. Duba yatsun tsohuwar da ta yi shekaru tana kaɗi: fari fat da alli, fatar babban yatsa ta yi kanta, ba ta ma kallon zaren. Tana hira da kishiyarta, tana tsawata wa jika, hannun hagu na ɗagawa a hankali har iyakar tsawonsa, zaren na fitowa daga sutu kauri ɗaya. Sai ta sassauta, ta juya mazari ta naɗe abin da ta kaɗa, ta sake ja.

Abin da mai koyo za ta riƙe shi ne daidaita ja da murzawa. In ja ya fi murzawa, zare zai rabu tun bai kai mazari ba. In murzawa ta fi ja, zai ƙudundune ya yi ƙulle-ƙulle. Ba a koyar da wannan da baki. A ba yarinya audugar da ba a damu da ita ba, ta ɓata har hannunta ya gane.

Zare iri biyu ake bukata, kuma kada a haɗa su a mazari ɗaya. Akwai zaren tsaye, siriri mai murɗi sosai, wanda zai sha ja da gogayya a masaƙa tun daga farko har ƙarshe. Akwai kuma abawa, mai kauri da taushi, wadda ake jefawa a kwance. Abawa ce ke ba gwado ɗuminsa da laushinsa. Ta fi saurin kaɗuwa, shi ya sa da ita ake fara koyo. Siririn zaren da ake kira arafiya kuwa aikin gwanaye ne, kuma a kasuwa ya fi kowane tsada.

Ga gaskiyar da duk mai son wannan sana'a ya kamata ya sani tun yanzu: zaren da masaƙi zai cinye a yini guda, mace ɗaya sai ta yi kwanaki tana kaɗa shi. Don haka a da ba a ganin mace zaune hannu banza. Bayan abincin dare, a hasken wata ko na fitilar aci-balbal, mata na taruwa a ɗaki ɗaya da mazaransu, a nan ake tatsuniya, a nan ake jin labarin gari. Kuma zaren nata ne, ba na miji ba. Tana iya ba 'yarta ta kai kasuwa, ko ta ba dillaliya, ko ta tara ta kai wa masaƙi ta biya shi lada ya saƙa mata. Ko mijinta ne masaƙin, ciniki ake yi. Za ka ji tana cewa, "Malam, wannan na gwadon auren Ladi ne, kada ka haɗa mini shi da na kasuwa." Shi kuma ya auna zaren a hannu ya ce, "Uwargida, abawar ba za ta kai ba, sai kin ƙaro." Da kuɗin zare mata da yawa suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki.

In an cika mazari, a warware zaren a yi tufka-tufka. Zaren tsaye yana son a jiƙa shi a ruwan gasara mai ɗan kauri, a matse, a shanya a miƙe. Hakan na kwantar da gashinsa ya ƙara masa ƙarfi. In ana son saƙi, wato saƙar baƙi da fari mai ƙananan ɗigo irin na jikin zabuwa, a wannan matakin ake kai wani kaso na zaren marina a rina shi da baba. Kada a karɓo shi sai an wanke an ga ruwan ya daina fita da shuɗi sosai, in ba haka ba zai ɓata farin da ke kusa da shi.

Waɗari

Daga nan aiki ya koma hannun maza. Waɗari shi ne jera zaren tsaye daidai tsawo da yawan da ake so. A nemi fili mai tsafta, a share, a kafa turaku biyu a nesa da juna gwargwadon tsawon saƙar. Masu saƙa da gaba suke awo, wato daga yatsun hannu ɗaya zuwa na ɗayan in an buɗe su, da kamu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. A ƙara a kan abin da ake bukata, saboda saƙa na cin tsawo, kuma ƙarshen zaren ba ya saƙuwa.

Mai waɗari yana tafiya da zare daga wannan turke zuwa wancan, ya kewayo, ya dawo, yana ƙirge. A gefe ɗaya akwai ƙarin turke kusa da na ƙarshe, inda zaren ke giciye: in ya bi ta dama a tafiya, ya bi ta hagu a dawowa. Wannan giciyen shi ke tsare jerin zaren, kowane a bayan ɗan'uwansa. Kafin a cire zare daga turaku a zura igiya a giciyen a ɗaure. Wanda ya manta da wannan ya yi asarar yini guda yana tsefe zare, in ma ya tsefu. Ja ya zama ɗaya tun daga zaren farko har na ƙarshe, shi ya sa mutum ɗaya ke yin waɗari daga fari har ƙarshe, ba a karɓa-karɓa. A kori awaki da kaji, a hana yara tsallakawa. In akwai ratsi na launi, a nan ake ƙirga shi: fari kaza, baƙi kaza. Da an gama sai a naɗe zaren daga ƙarshe mai nisa ya zama babban ƙunshi.

Kafa masaƙa da zama a kanta

Masaƙar maza ba ta da tsada. Itatuwa huɗu masu gwafa ake kafawa a ƙasa, a gitta wasu a sama. Allira guda biyu ce, kowace jerin madaukai ne na zare mai ƙarfi tsakanin 'yan sanduna biyu. Ana rataye su da igiya ɗaya da ta bi ta kan 'yar ƙaramar gargare a sama, yadda in ɗaya ta sauka ɗayar za ta hau. Daga ƙasan kowace allira igiya ta sauko zuwa ƙafar masaƙi, da ɗan guntun kara ko sakaina a ƙarshenta wanda yake maƙalewa tsakanin babban yatsan ƙafa da na kusa da shi. Gaban allira akwai matsefi, mai haƙora na tsagaggen kara, da gindi mai nauyi don bugu. A cinyar masaƙi kuma akwai takala, sandar da ake naɗe abin da aka saƙa.

Zaren tsaye na farko ya shiga allira ta gaba, na biyu ta baya, na uku ta gaba, haka har ƙarshe, sannan su bi ta haƙoran matsefi. Ƙwararru ba sa wannan wahalar kowane lokaci. Sukan bar guntun tsohon zare a cikin allira da matsefi, in sabon aiki ya zo sai su ƙulla sabo a jikin tsoho ɗaya bayan ɗaya, su ja ya wuce. Ƙunshin zaren kuma a kai shi can gaba a ɗora a kan kunkuru, wato ɗan katako ko busasshiyar fata da aka danne da dutse. Nauyin dutsen ne ke miƙar da zare. In ya yi nauyi da yawa zare zai riƙa tsinkewa, in ya yi sauƙi saƙa za ta yi sako-sako. Zaren hannu ba ya ɗaukar nauyin da zaren kanti ke ɗauka, a kiyaye.

Yaron gida aikinsa naɗa abawa a ƙwarƙwaro, ɗan karan da ake sakawa a cikin ƙoshiya. Kada ya cika shi har ya gogi bakin ƙoshiya. Haka kowane masaƙi ya fara, yana naɗi yana kallon ƙafafun ubansa.

Saƙar kanta taki huɗu ce da ake maimaitawa: taka ƙafa ɗaya zare ya buɗe, jefa ƙoshiya ta ratsa, sauya ƙafa, buga matsefi. Mai koyo ya manta da sauri. Ya sa ido a kan baki biyu na saƙar. In yana jan abawa da ƙarfi, saƙar za ta riƙa tsukewa. In yana sakinta, baki zai yi kunnuwa. Bugun matsefi ma ya zama ƙarfi ɗaya, domin wurin da aka buga da sanyin hannu yana bayyana in an ɗaga tufar a rana. Zare in ya tsinke a tsaya nan take, a nemo bakinsa, a ƙara guntu a ƙulla, a mayar da shi ta madaukinsa. Ana saƙa ana naɗewa a takala, kunkuru na matsowa. In ya iso kusa, yaro ya warware ƙunshin ya mayar da shi baya.

Faɗin ƙwaryar saƙa ya danganta da aikin. Fari na riga ko na likkafani bai cika wuce faɗin tafin hannu ba. Na gwado da luru ya fi haka faɗi da kauri. Na turkuɗin Kura ta ƙasar Kano, wanda Abzinawa ke naɗawa, bai fi faɗin yatsa ɗaya ko biyu ba. Akwai kuma masaƙar mata, wadda ake jingina wa bango a tsaye a cikin gida, ana buga zare da akwasa, tana ba da tufa mai faɗi amma gajera. An san ta sosai a Kano da Zariya da Sakkwato.

In an sauke saƙa tana fitowa ne a naɗe, zugu guda. A auna, a yanka ƙwarya-ƙwarya tsawo ɗaya, a haɗa baki da baki da allura, ba tare da ɗora ɗaya kan ɗaya ba. In akwai ratsi a kwance, a daidaita shi tun kafin a soka allura. A wanke don gasarar ta fita, a shanya, in ana son sheƙi a kai mabuga.

Abin da ya raba mu da ita

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake kaiwa Tumbutu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara. Abin da ya fi burge shi kuwa shi ne ba a manyan masana'antu ake yin su ba, a cikin gidaje ake yi, iyali na tare. Wannan tsarin ne ya rushe a hankali. Akoko da atamfar Turai suka cika kasuwa. Kamfanin Faransa na CFDT, wanda aka kafa a 1949, ya shigo Nijar yana sayen auduga da gurya a jikinta, aka kafa injin gurza a Madawa, audugar da a da ke shiga ɗakin mata ta koma bisa sikeli. Masaƙar zamani ta Kaduna ta fara aiki a 1957, daga baya aka yi ta Yamai. Zaren kanti ya zo da araha, masu saƙa suka koma kansa, mata suka ajiye mazari. Sai farin 1973 da na 1984, sai gwanjo. A ganina abin da ya fi duka yi wa sana'ar illa a Adar shi ne cirani. Rani ne lokacin saƙa, yanzu kuwa da an gama girbi samari sun kama hanyar Abijan ko Najeriya ko Libiya, waɗanda suka tsaya kuma suna garkar albasa. Ba na ganin laifin kowa, ciki ne ke gaba. Amma yaron da ba ya gida da rani ba zai zauna gefen ubansa ya naɗa ƙwarƙwaro ba.

Ba mu kaɗai injin ya taɓa ba. A tsibiran Luwis da Haris na yammacin Sikotilan, ƙasar sanyi da tumaki masu ulu, a da gida ne ke yin tufa kamar namu: a yi wa tumaki sausaya, mata su wanke ulu su rina su kaɗa, a saƙa a gida, sannan mata su zauna kewaye da katako suna bugun ɗanyar tufar suna waƙa har ta kama jikinta. Su ma masana'antu sun zo. Abin da suka yi shi ne suka yi wa tufarsu tambari tun 1910, sannan a 1993 majalisar Birtaniya ta yi doka cewa ba a kiran tufa Harris Tweed sai mutanen tsibiran ne suka saƙa ta da hannu a gidajensu. Kaɗi ya koma injin a can, amma saƙa ta tsaya a gida, kuma ana sayen tufar da tsada a duniya.

Gwadonmu ba zai yi takara da bargon kanti a farashi ba, kuma kada wanda zai fara ya sa wannan a ransa. Kasuwarsa ita ce ta mai neman na ainihi: kayan aure, kyautar girma, rigar sarauta, da baƙi irin masu zuwa wurin masu sana'ar hannu a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Irin wannan mai saye zaren hannu yake nema, kuma yana gane shi da taɓawa.

Don haka wanda ke son farawa kada ya fara da sare itacen masaƙa, wannan aikin yini ɗaya ne. Ya ware 'yan kunyoyi a gona ya shuka auduga bana. Ya nemi tsofaffin da har yanzu mazarinsu ke cikin taskira, a Tama da ƙauyukan Majiya, ya kai musu 'yan mata su koya, ya kuma biya su kuɗin zare da daraja, hannu da hannu, ba sai an sayar da gwado ba. Ƙungiyoyin mata da hukumomin gundumomin Buza da Madawa da Keita su sa wannan cikin ayyukan rani, tun masu iya kaɗa arafiya suna raye.